Wuyan jita ya fara rabuwa da gangar jiki: tambayoyi da amsoshi daga teburin gyara a Garwa

Ni kafinta ne a Garwa, kuma na daɗe ina karɓar gyaran jita a gefen aikin ƙofofi da kujeru. Daga lokacin da hunturu ya kankama har zuwa zafin Maris da Afrilu, larurar da aka fi kawo mini ita ce wannan: a gindin wuyan jita, inda katako ya yi kauri ya jingina da gangar jiki, wurin da muke kira dunduniya, sai a ga wata 'yar tsaga ta buɗe baki. Masu kawowa iri-iri ne, 'yan ƙungiyar waƙa ta coci, ɗalibai, masu kiɗan biki, har da waɗanda ke aiko da tasu daga Marwa ko Kusiri. Tambayoyinsu kusan ɗaya ne, shi ya sa na tattara su a nan da amsar da nake ba kowa.

Malam, na ga tsaga tsakanin dunduniya da gangar jita. Me zan fara yi?

Ka sassauta tsirkiyoyin yanzu, kafin ka gama karanta wannan shafi. Tsirkiyoyin ƙarfe shida na jita suna jan wuya da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70, wato kusan buhun shinkafa ɗaya da rabi, dare da rana ba hutawa. Na roba, irin na jitar gargajiyar Sifen, suna jan kamar kilo 35 zuwa 40. Duk daren da jitar ta kwana a ɗaure da wannan tsagar, ƙara buɗewa take yi. Ka murɗa maɓallan kaɗan-kaɗan, ɗaya bayan ɗaya, har tsirkiyoyin su yi laƙwas. Kada ka yanke su da almakashi suna ɗaure.

Sannan kada ka zuba komai a cikin tsagar. Zan dawo kan wannan, domin a nan ne mafi yawan jitoci ke lalacewa.

Ta yaya zan gane ko tsagar gaske ce ko fentin sheƙi ne kawai ya dare?

Yawancin jitoci masu sauƙin kuɗi ana fesa musu fentin sheƙi ne bayan an riga an haɗa wuya da ganga, don haka fentin yana taruwa a kusurwar. Katako ya ɗan motsa, sai fentin ya dare kamar zare, alhali haɗin yana nan lafiya. Ka sami ƙyallen takarda, ka gwada cusa shi a tsagar tun tsirkiyoyi na ɗaure. In bai shiga ba, ka sa ido kawai. In ya shiga, ka yi alama da fensir a inda ya tsaya, ka sassauta tsirkiyoyin, ka sake gwadawa. Tsagar da ke buɗewa in an ɗaure, ta rufe in an sassauta, haɗi ne ya saki.

Daga nan ka zauna, ka ɗora jitar a cinya, ka riƙe gangar da hannu ɗaya, ka tura wuyan gaba da baya a hankali da ɗayan. Ka saurara. Haɗin da ya saki yana yin wani ɗan ƙas-ƙas, wani lokaci ma a tafin hannu za ka ji shi kafin kunne ya ji. Sai ka kunna fitilar waya, ka saka ƙaramin madubi ta ramin sauti, ka dubi kututturen da ke ciki, wanda wuyan ke kamawa. Abin da kake nema shi ne ko kututturen da kansa ya rabu da bayan jitar ko da fuskarta. Ka kuma duba jikin dunduniyar: sau da yawa ba daga ganga ta rabu ba, ita ce ta tsage a tsakiya, domin a jitoci da yawa gutsattsarin katako biyu ko uku aka jera aka manne aka sassaƙa ta. Kowanne cikin waɗannan da maganinsa, kuma wanda bai tantance ba ya kama gyara, garin neman gira zai rasa ido.

Ban yar da ita ba, ban buga ta da komai ba. Me ya jawo?

Ƙasarmu ce ta jawo, galibi. Masu ƙera jita suna haɗa ta ne a ɗakin da danshin iska ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma a nan katakon ke son zama. Mu kuwa a nan bakin Binuwai, a watan Agusta gishiri har jiƙewa yake yi a kwano, sannan a Janairu da Fabrairu leɓe ya tsage, ƙofar da ta ƙi rufuwa da damina ta koma tana lilo. Abin da ke samun ƙofar shi ke samun jita. Katako yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba, ga shi zaren katakon wuya yana kwance ne, na kututturen ciki kuma ta wata fuska yake. Kowa na ja ta nasa ɓangaren, shekara bayan shekara, gam na tsakiya yana shan wahala.

Sai zafi. Farin gam na kafinta da danginsa suna fara laushi tun kafin zafi ya kai digiri 60, kuma cikin motar da aka rufe a rana, ko saman bas ƙarƙashin tamfol daga Ngawundare zuwa Marwa, yana kaiwa haka. Gam ya yi laushi, kilo 70 na ja, wuya ya ɗan zame, da yamma gam ya sake daskarewa a sabon wurin. Mai jita ya sauke kayansa bai ga komai ba, sai bayan makonni ya ji tsirkiyoyi sun yi wa yatsunsa nisa.

Akwai kuma dalili na uku da nake gani a kai a kai: maƙalar igiyar ratayawa. Mutum ya ɗaura kusa mai murɗi a dunduniya ba tare da ya fara huda mata hanya ba, kusar ta zame wa katakon tamkar gatari, tsagar ta fara daga nan.

Tsagar ba ta fi milimita ɗaya ba, kuma jitar tana kaɗuwa. Ba zan iya barinta haka ba?

Ka yi lissafin da ni. Tsayin dunduniya bai wuce santimita 9 ko 10 ba, amma daga inda wuya ya haɗu da ganga zuwa jaki, wato gadar da tsirkiyoyi ke hawa, kusan santimita 29 ne. Don haka milimita ɗaya a ƙasan dunduniya yana zama wajen milimita uku a wurin jaki, kuma a firet na 12 (firet su ne siraran ƙarafan da aka gitta a kan wuya, inda ake danna tsirkiya) tsirkiya za ta ƙara tashi da kamar milimita ɗaya da rabi. A lafiyayyar jita mai tsirkiyar ƙarfe, tazarar da ke tsakanin firet na 12 da tsirkiya mafi kauri kusan milimita biyu da rabi ce. Ka ga an ƙara mata fiye da rabinta. Yatsu za su yi ciwo, sautin sama zai riƙa fita a karkace.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. In dunduniya ta saki, nauyin yana komawa kan harshen allon yatsu da ke manne a fuskar jita, fuskar kuma siririn katako ce da ba ta kai milimita uku ba. Sai ka ga ta tsage a gefe biyu na allon, ta nutsa wajen ramin sauti. Gyaran da zai ɗauki kwana biyu ya koma na makonni.

In na ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya, ba zai gyaru ba?

A'a. Aikin wannan sanda shi ne daidaita lanƙwasar wuyan kansa, ba ruwanta da inda wuya ya haɗu da ganga. Ka matsa mata da yawa, ko ta karye ko zaren notinta ya cinye, ka tashi da ciwo biyu.

Abokina ya ce in ɗura gam mai kamawa nan take in danne. Me ya sa kuke hanawa?

Saboda haɗin wuya ba gam ke riƙe shi ba, katako ne ke riƙe katako. Gam ɗin kafinta yana da ƙarfi ne kawai in fuska biyu sun haɗu ƙam, shi kuma ya zama siririn shafi a tsakani. Bai iya cike rami ba. Kuma sabon gam ba ya kama tsohon gam da ya bushe, yana bukatar tsirarar katako. Shi wannan mai kamawa nan take yana bushewa kamar gilashi, yana tsuma cikin katako ya toshe ƙofofinsa, yana ƙone fentin da ya taɓa, kuma yakan daskare kafin ka gama daidaita wuyan. Sai tsagar ta tabbata a buɗe, da gam a cikinta yana hana ta rufuwa har abada.

Wata rana wani saurayi ya kawo mini jitar da mahaifinsa ya bar masa. An riga an kai ta wani wuri, an cakuɗa garin katako da irin wannan gam an cusa, an bi da gam mai haɗi biyu a kai, an shafe da baƙin fenti. Daga nesa sumul. Da na ɗora rula a kan firet, bakinta ya sauka can ƙasa da kan jaki, kusa da fuskar jitar. Kwana huɗu na yi ina kankare wannan abu da bakin reza da ƙaramin cizal, ƙwaya-ƙwaya, kuma duk inda ya ɓanɓaro sai ya taho da naman katako. Yaron yana zuwa kullum bayan la'asar ya zauna a benci yana kallo, ba ya cewa komai. Jitar ta tashi, amma sai da na yi wa dunduniyar ƙari da sabon katako, kuma tabon yana nan. Da a ranar farko ya zo, da tsagar a tsabtace, aikin yini ɗaya ne. Har yanzu abin yana yi mini ciwo.

To wane gam ya dace?

Biyu nake amincewa da su. Na farko gam ɗin katako mai ruwan ɗorawa, irin su Titebond na asali, in an samu daga Duwala ko Yawunde. Yana bushewa da tauri, kuma zafi da tururi suna iya kwance shi in wata rana an bukaci sake gyara. Farin gam na kafinta da ke ko'ina a kasuwa yana aiki in babu wancan, sai dai yana da halin saki a hankali in nauyi da zafi sun daɗe a kansa, ga shi mu zafi ba baƙonmu ba ne. Ka tabbatar sabo ne. Wanda ya daɗe a shago yana shan rana har ya yi gudaji ko ya tsinke, ka bar shi.

Na biyu gam ɗin fata, wanda ake dafawa daga fatar dabba. Da shi aka haɗa tsofaffin jitocin kamfanonin Martin da Gibson, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Ana jiƙa ƙwayoyinsa, a narka su a kwalba cikin ruwan zafi mai kamar digiri 60, kada ya tafasa. Ba ya zamewa ƙarƙashin nauyi, kuma sabo yana narkar da tsoho su zama ɗaya, abin da sauran ba sa yi. Wahalarsa sauri: da ya fara hucewa yake kamawa, don haka komai sai ya kasance a shirye. A nan zafin garinmu yana taimako, yana ƙara wa mutum ɗan lokaci.

Ana yawan tambayata ƙaro, tunda Cadi na cikin manyan masu fitar da shi a duniya kuma yana da arha a wajenmu. Ƙaro na tawada ne da takarda, ba zai riƙe wuyan jita ba. Haka gam ɗin takalmi da na facin taya: ba sa bushewa da tauri, roba suke zama.

Duk jitoci iri ɗaya ake haɗa wuyansu?

Ko kusa. Ka leƙa ciki ka gani kafin ka yanke shawara.

Akwai haɗin da masu Faransanci ke kira wutsiyar tsattsewa: an sassaƙa wa wuya harshe mai faɗin baki, yana zamewa cikin gurbi a kututture, yana ƙara matsewa yayin da yake sauka. Shi ne tsohon salon kamfanin Martin, wanda aka kafa a Amurka a 1833. In an sassaƙa shi daidai, yana iya riƙe kansa ko ba gam. In ka ga irin wannan ya buɗe, ma'anarsa harshen ya yi wa gurbin kaɗan, kuma maganinsa siraran katako da za a ƙara masa.

Akwai na noti. In ka ga kan noti a kututturen ciki, ko wata takarda da aka liƙa a daidai wurin tana ɓoye shi, ka yi sa'a. Kamfanin jita na Taylor sun shahara da wannan salo. Sau da yawa katako ne ya tsuke da hunturu noti ya yi sako-sako, ɗaurewa kaɗan da makullin da ya dace ya wadatar. Kaɗan na ce, kada ka danna har katako ya yi ƙara.

Akwai salon Sifen a jitocin tsirkiyar roba na hannu, inda wuya da kututture katako ɗaya ne, gefunan ganga ne ke shiga cikinsa. Wannan ba a cire shi. Sai kuma wanda ya fi yawa a kasuwanninmu: dunduniya a shafe, an jingina ta da ganga, 'yan turakun katako biyu zuwa huɗu da gam ne kawai ke riƙe da ita. Su ne suka fi saki.

Wane gyara zan iya yi da kaina a gida?

In dunduniyar ce ta tsage a jikinta, ko ta ɗan rabu da ganga amma tana komawa mazauninta ƙam in ka danna, kuma ba wanda ya taɓa zuba wani abu a ciki, za ka iya.

Ka cire tsirkiyoyi gaba ɗaya. Ka fara gwajin matsewa ba tare da gam ba, wannan shi ne rabin aikin. Mamatsin kafinta ɗaya zai kama daga saman allon yatsu zuwa ƙasan dunduniya, da ɗan katako mai tsagi a kan firet don kada su lotse, da gutsuren fata ko na tsohon silifa a ƙasa don kada fenti ya ji rauni. In tsagar tsakanin dunduniya da ganga take, kana bukatar abin da zai ja wuyan baya zuwa cikin ganga. Wanda ba shi da dogon mamatsi ya yanka tsohon tiyub na babur ya yi dogayen igiyoyi, ya naɗa daga bayan dunduniya ya zagayo gangar. Kowane zagaye yana ƙara ƙarfi, don haka a bi a hankali, jita ba buhun gawayi ba ce. In tsagar ta rufe har takarda ba ta shiga, ka ci gaba. In ba ta rufe ba, akwai abin da ya tokare a ciki, ko haɗin ya goce, ka tsaya nan ka nemi mai gyara.

Sai tsabtacewa. Ka ja siririyar samfefa ta cikin tsagar sau kaɗan don ta ɗebe tsohon gam, ka bi da tsumma mai ɗan ruwan ɗumi, ka bari ya sha iska. Ka liƙa tef ɗin takarda a gefe biyu. Ka sayi sirinji a kantin magani, ka ɗan sirka gam da ɗigon ruwa kaɗan, ka tura shi can ciki, kana buɗe tsagar kana rufewa a hankali domin ya tsotsu. In ka matse ka ga gam ya fito kamar jerin ƙananan duwatsun wuya a duk tsawon tsagar, ya kai ko'ina. Ka goge da danshin tsumma tun yana ɗanye. Ka bar matsin kwana ɗaya cur, da damina kwana biyu, sannan ka ƙara kwana ɗaya kafin ka ɗaura tsirkiyoyi. Ranar ɗaurawa ka tsaya ƙasa da sautin da aka saba, ka kwana, ka duba da takarda, sannan ka kai su daidai.

Na ji ana ɗaura kusa mai murɗi ta ciki. Wannan ba ɓarna ba ce?

Ya danganta da jitar. A kan tsohuwar jita mai daraja ba zan yi ba. Amma a jita mai arha mai 'yan turaku, wadda kuɗin cire wuyanta zai fi kuɗin sayenta, ina yi, kuma ba na jin kunyarsa. Ana huda kututturen daga ciki ta ramin sauti, a shiga dunduniya, a ɗaura da wosha mai faɗi, tare da gam. Wajibi ne a fara huda hanya, a auna tsawon kusar don kada ta ɓullo waje, a kuma kauce wa sandar ƙarfen wuya da ke sama. Rauninsa ɗaya: kusar tana shiga ne ta kan zaren katako, inda riƙonta ba shi da ƙarfi sosai. Shi ya sa nakan huda dunduniyar daga ƙasa in dasa turken katako mai tauri a tsaye, domin kusar ta ratsa shi ta sami abin kamawa.

Yaushe ne sai an cire wuyan gaba ɗaya?

In ka ɗora doguwar rula a kan firet, ya kamata bakinta ya sauka daidai saman katakon jaki. In ya sauka ƙasa sosai ko bayan an rufe tsagar, kuma farin ƙashin da ke kan jaki an riga an rage shi har ba sauran abin ragewa, kusurwar wuyan ce ta tafi, sai an sake kafa shi.

A jitar da wuyanta ke haɗuwa da ganga a firet na 14, ana zare firet na 15, a yi ƙaramar huda a gurbinsa har ta faɗa cikin ramin haɗin. Ana ɗumama harshen allon yatsu a raba shi da fuska da siririyar wuƙa marar kaifi. Sannan a tura tururi ta hudar da allura mai rami, irin ta hura ƙwallo, har gam ya saki, wuya ya zamo sama. Sai a bar katako ya bushe kwanaki. Daga nan a riƙa rage gefen dunduniya da samfefa, ja ɗaya a dama, ja ɗaya a hagu, ana aunawa, domin lissafin nan na ɗaya zuwa uku yana aiki a nan ma. A ƙarshe a manna wa harshen siraran katako, a shafa alli a gurbi, a saka, a cire, a kankare inda allin ya taɓa, har haɗin ya kama kansa. Ni da madaci nake yin waɗannan ƙare-ƙaren, ɗan'uwan katakon da ake yin wuyan jita da shi ne, kuma ga shi a ƙofar gida. Ba aikin koyo a kan jitar da kake ƙauna ba ne.

Kuɗin gyaran ya kusa na sabuwa. In gyara ko in saya?

In fuskar jitar katako ne na gaske ba falle-falle ba, ko tana da tarihi a gidanku, ka gyara. In mai arha ce kuma ga tsaga a fuska, ga jaki na ɗagowa, ga firet sun cinye, gaskiya ita ce kuɗinka zai fi amfani a wata. Amma kada ka jefar, ka kai wa mai koyon gyara. Allon yatsun manyan jitocin duniya da yawa daga dazukan kudancin ƙasar nan yake fita, baƙin katakon nan ɗan'uwan kanya, har Taylor suka shiga mallakar masana'antar yankansa a Yawunde a 2011. Katakon namu ne, ya kamata a ce masu iya aikinsa ma sun yawaita a cikinmu.

Bayan gyara, me zan yi don kada ta sake?

Ka koma tsirkiyoyi marasa kauri, ko ka riƙa ɗaure su ɗan ƙasa da sautin da aka saba. Kada ka taɓa sa tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka yi don ta roba, wannan kaɗai ya isa ya tumɓuke wuya da jaki. In za ka yi tafiya, ka sassauta, ka riƙe ta a cikin mota kusa da kai. Kada ka rataye ta a bangon da rana ke duka ta baya, ko dab da rufin kwano.

Daga Nuwamba zuwa saukar ruwan farko, ta zauna a cikin jakarta ko akwatinta in ba kaɗawa ake yi ba. Ka sami robar ajiye sabulu, ka huda murfin, ka saka soso da ka jiƙa ka matse har ba ya ɗiga, ka ajiye a wajen kan jitar cikin akwatin. Da hunturu sai ka duba shi duk bayan kwana biyu, domin zai bushe ƙayau. Da ruwa ya sauka ka cire shi, in ba haka ba tsirkiyoyi su yi tsatsa, cikin akwatin ya yi fumfuna.